Kwancin Dionisio

Shekara talatin ina ɗakin injin jirgin ruwa,
can ƙasa, inda rana ba ta leƙawa.
Da na dawo Miagao, hannuwana suka rasa abin yi,
suka kwanta a cinyata kamar baƙin da aka manta da su.
Perlita ta ce, "Dionisio, nemo abin da zai raba ka da kicin ɗina."

A shagon Iloilo yaron ya jera mini injuna uku.
Wannan yana juya ƙwai da kansa, kana minshari yana aiki.
Wannan da fanka, da agogo, da ƙararrawa.
Wannan kuwa, ya taɓe baki,
akwati ne da ƙwan fitila da farantin ruwa,
sai ka juya da hannu, sau uku a yini.
Na ce ɗaure mini shi.
Ya zaci talauci ne. Na ƙyale shi da zatonsa.

Ƙwai ashirin da huɗu daga akurkin Tiya Consing.
Ta ce kar na wanke, kar na girgiza,
ta ware masu tsagu tana hararata ta saman tabarau.
Na sa fensir na yi wa kowanne gicciye a ciki, zobe a baya,
don kar na juya wani sau biyu, na bar wani da kwanan gefe guda.
Zafi talatin da bakwai da rabi.
Na tsare allurar nan yadda na tsare ta tukunyar jirgi,
sai dai jirgi bai taɓa hana ni haɗiye tuwo ba.

Daren bakwai na kashe fitila, na haska tocila a gindin ƙwai.
Wayyo, jijiyoyi!
Ja, siri-siri, kamar koguna a taswira,
da ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi.
Biyar kuwa fayau, ba kowa a gida.
Na fitar da su kafin su zama baragurbi.

Ran sha takwas, ranar daina juyi,
guguwa ta taso daga teku, ta tanƙwara bishiyoyin kwakwa,
ta tafi da wutar gari.
Allura ta fara sauka.
Muka dafa ruwa a gawayi, muka cika kwalabe,
muka lulluɓe akwatin da bargon da na yi sanyin Norway da shi.
Kwano na kuka a sama, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
Perlita na ƙirga mintoci, ni ina canza kwalba.
Wajen asuba ta yi dariya, ta ce,
"Kaza ɗaya ke wannan aikin, ba gawayi, ba miji."

Ran ashirin da ɗaya na ji ƙyas.
Ɗan baki ya huda ɓawo, ya tsaya yana hutawa.
Awa shida. Awa takwas.
Tiya Consing ta ce kar na buɗe, danshi zai gudu,
kowa da ƙofar da zai fasa wa kansa.
Ban ji ba. Na sa farce na taimaki guda.
Jini ya fito. Kafin azahar ya yi shiru.
Na binne shi a gindin ayaba, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Na zauna a kan hannuwana har gari ya waye.

Tara suka fito, jiƙe, munana, wuya kamar zare,
suka bushe suka zama auduga mai ƙafa.
Tara cikin ashirin da huɗu.
Yaron shago zai ce asara ce.
Ni dai na goge akwatin da ruwan ɗumi,
na fiƙe fensir,
Perlita kuma tana ƙorafin sun cika mata kicin.